Daga 'Yankaba zuwa fadamar Haɗejiya: neman kwaɗon ruwa

Ƙarshen damina ne, an fara yankan gero, dawa ta fidda kai, na shirya tafiya Haɗejiya. Sana'ata koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Kano. Duk shekara in muka iso darasin dabbobin da ke rayuwa a ruwa da tudu, na ce yara su kawo kwaɗo, iri ɗaya suke kawowa: mai busasshiyar fatar nan da ke kwana ƙarƙashin randa ko bakin kwata. Shi ne kwaɗo a wurinsu, ba su san wani ba. Ni kuwa na daɗe ina son in riƙe babban kwaɗon ruwa a hannuna, wanda ake kamawa a fadamun Haɗejiya da Nguru a busar a kai kudu, in auna shi, in ɗauki hotonsa ta yadda yaro zai gane shi da kallo ɗaya. Wani abokina da muka yi karatu tare, ɗan ƙasar Kirikasamma, ya ce in taho, kawunsa masunci ne, zai haɗa ni da masu kamun.

Bayan sallar asuba na isa tashar 'Yankaba. Na biya naira 5,000 kuɗin kujera a wata ƙaramar mota, muka zauna jiran cikon mutum biyu har rana ta ɗaga. Daga Gezawa zuwa Ringim ba wani labari sai gonaki da ramuka. Da muka wuce Gujungu ƙasa ta fara sauya kama, goruba ta yawaita, ruwa ya fara bayyana a gefen titi, nan kududdufi, can gonar shinkafa da ta nutse har wuya.

A wani shinge jami'in tsaro ya sa aka buɗe but. Ya zazzage jakata, ya ga takalmin roba mai tsawo, da tocila ta goshi, da rula, da bokitin roba da na huhhuda murfinsa. Ya ɗaga bokitin ya dube ni.

"Malam, wannan fa?"

"Yallaɓai, na kwaɗi ne. Kallonsu zan je yi."

"Kallo ko ci?"

Na ce masa kallo da awo, sannan in sake su. Ya duba katin shaidar aikina, ya girgiza kai, ya ce Allah ya ba da sa'a, muka wuce. Amma maganar ta riga ta shiga motar. Wata Hajiya da ke kujerar gaba ta ce ita ko sunan kwaɗo ba ta son ji in tana cin abinci. Wani dattijo mai carbi a kusa da ni ya ce ai Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana kashe kwaɗo lokacin da wani mai magani ya nemi ya sa shi a haɗinsa. Sai wani saurayi daga baya, da alama ya yi zaman makarantar zaure, ya amsa da ladabi cewa hadisin haka yake, amma malaman mazhabar Malikiyya sun lissafa kwaɗo cikin dabbobin ruwa da aka halatta. Dattijon ya ce, "To ɗana, kai za ka ci?" Saurayin ya ce a'a, Baba, shi dai hukuncin ya faɗa. Direba, wanda ɗan Haɗejiya ne, shi ya rufe zancen. Ya ce a garinsu mutane da yawa sun yi aure sun gina gida da kuɗin kwaɗo, alhali ko sau ɗaya ba su taɓa kai shi baki ba.

Mun shiga Haɗejiya wajen azahar. Abokina ya kama mini ɗaki a wani masauki kan naira 8,000, fanka da gidan sauro, wuta kuwa sai an tada janareto da magariba. Abincin daren nan ba zan manta da shi ba. Tuwon shinkafa ne da miyar ɗanyen tarwaɗa, kifin da aka fito da shi daga ruwa a ranar. Mu a Kano mun saba da kifin da ya sha hanya ya sha ƙanƙara, kuma mai abinci tana yanka maka gutsure tana duban fuskarka. A nan guda sukutum aka ɗora mini, da na tambayi kuɗi na ji bai kai abin da nake biya a unguwarmu na rabinsa ba.

Da sassafe muka hau babura biyu, kowanne naira 2,500, muka yi gabas. Kwalta ba ta daɗe ba ta ƙare, muka shiga yashi, daga yashi sai laka. Sau da yawa sai mun sauka mun tura. A wani wuri ruwa ya cinye hanyar gaba ɗaya, ɗan acaɓan ya ce iyakarsa ke nan, daga nan sai kwale-kwale. Mai jirgin yaro ne da bai wuce shekarun ɗalibaina ba, ya karɓi naira 1,000, ya tura mu da gora cikin wata siririyar hanya tsakanin ciyayi. Bado ya baje a kan ruwa da fararen furanni, kirinjijiya na tashi garke-garke, zalɓe na tsaye a gindin giyayya. Ruwa na shigowa ta wata tsaga a ƙasan jirgin, abokina na kwashewa da ƙoƙo ba tare da ya daina hira ba. Ni dai na riƙe jakar kyamarata a ƙirji har muka sauka.

Kawu dattijo ne siriri mai furfura a gemu. Ya tarbe mu a ƙofar gida, aka kawo fura da nono, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Da ya ji abin da ya kawo ni bai yi dariya ba. Cewa ya yi, "Malam, in kwaɗo kake nema, ruwa za ka fara tambaya." Ya ɗauki kara ya zana mini a ƙasa. Ga kogin Haɗejiya ya taho daga wajen Kano, ga na Jama'are daga kudu, sun shigo wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tuddan yashi sun rarrabu rassa-rassa, can gaba su haɗu su zama Komadugu Yobe, su nufi tafkin Cadi. Abin da na sani a takarda ya zo daidai da zanensa. Wannan fadama ce ta fara ba Najeriya wuri a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, lokacin da aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma a 2000, daga baya Baturiya da Dagona suka shiga a 2008.

Sai ya nuna mini da karan wani duhun ciyawa da ya tokare gabas, ya fi mutum tsawo, iyakar ganin ido. Kacalla ke nan. Ya ce lokacin ƙuruciyarsa ruwa kan zo da ƙarfi da damina ya malale ko'ina, da rani ya janye ƙasa ta bushe ƙarau. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar ta rage ƙarfi, wasu rassan kuma ba sa bushewa duk shekara. Kacalla ba abin da take so irin ruwan da ba ya tafiya ba ya ƙafewa. Ta toshe mashigai, ta cinye gonaki, ta zama gidan jan-baki masu cinye shinkafa. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, na gaba da shi ko ɗigo ba ya isa. Na daɗe ina karanta wannan, amma gani ya kori ji.

Da magariba aka kawo shinkafa da wake da soyayyar karfasa. Ba mu gama ci ba sauro ya sauko. Na shafa magani, na sa riga mai dogon hannu, duk da haka ta cikin safa suke cizo. Mutanen gidan sun hura ɗanyen ganye a kasko don hayaƙi, suka ci gaba da hirarsu.

Sannan kwaɗi suka fara. Ba murya ɗaya ba ce. Akwai masu siririn sauti daga cikin ciyawa, akwai mai dogon gurnani daga bayan gida, can ƙasan su duka kuma wata murya mai kauri tana fitowa daga bakin ruwa a gutsure-gutsure. Kawu ya ɗaga yatsa ya ce wannan na ƙasan shi ne baƙona. Zuciyata ta koma unguwarmu a cikin birni. Muna yara akwai kududdufi a bayan gidanmu, daren da aka yi ruwan farko ba mai barci saboda kukan kwaɗi, iyayenmu mata har tsaki suke yi. An cike shi da shara, daga baya aka yanka filaye, yau shaguna ne a wurin. Kududdufan Kano da yawa haka suka ƙare, shi ya sa ruwan sama kan rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan mutane. Yaran da nake koyarwa ba su taɓa jin abin da nake ji a wannan dare ba, kuma ba laifinsu ba ne da suka ɗauka kwaɗo iri ɗaya ne.

Bayan isha'i samari uku suka zo, kowa da tocila a goshi da buhu a kafaɗa. Babbansu ɗan Kawu ne. Ya dubi takalmin robana ya ce zai cika da ruwa, amma in bar shi saboda ƙaya da maciji. Muka bi gefen wata gonar shinkafa, ruwa iya gwiwa, wani wurin iya cinya. Laka na riƙe ƙafa, kowane taku sai ka yi da ƙarfi. Ya ce in daina haska ƙafafuna, in riƙa kai hasken nesa a kan fuskar ruwa. Da na yi haka sai ga su: ɗigo biyu-biyu suna ƙyalli, jere a bakin kunya. Duk jikin na cikin ruwa, idanu da hanci kawai suka fito. Na matsa kusa da ɗaya, ya zabura. Bai nutse nan take ba. Sai da ya yi tsalle uku ko huɗu a kan fuskar ruwan, fat-fat-fat, sannan ya ɓace. Yaron ya ce, "Malam, ka ga wannan gudun? Ko ba ka ga jikinsa ba ka san shi ne." Shi kuwa dabararsa, ya tsayar da haske cikin idon kwaɗon, ya zagayo da hannu ta baya, ya cafke shi a ƙugu. Ta gaba ba ya kamuwa, kuma in ka kama tsakiyar jiki zai sulluɓe, don fatarsa yauƙi gare ta.

Ya miƙo mini na farko, na riƙe da jiƙaƙƙen hannu kamar yadda ya nuna. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Na ɗora rula daga bakin hanci zuwa ƙarshen gadon baya, santimita 12, ban da ƙafafu. Mace ce, kuma a wannan iri mata sun fi maza girma. Launin bayanta tsakanin kore da ruwan ƙasa, da manyan ɗigo-ɗigo masu duhu, cikin fari. Fatar bayan ba sumul take ba, tana da gajerun tudu-tudu a tsattsaye, gutsattsari, ba dogayen layuka ba. Idanun manya ne, sun hau can saman kai, ƙofofin hanci ma sama suke kallo, shi ya sa take iya ɓoye jiki duka ta bar su a waje. Bayan kowane ido akwai faifan kunne a fili. Na buɗe ƙafar baya, fatar iyo ta cike tsakanin yatsu har bakinsu. Yatsun hannu kuwa a sake suke.

Alamar da na zo dominta tana kan kai. Daidai bayan idanu akwai wata tsaga da ta ratsa kan daga wannan gefe zuwa wancan, launinta ya ɗan fi na jikin haske, kamar an ɗaura masa zare a ƙeya. Na sa yaron ya haska ta gefe don inuwa ta fito da ita, na ɗauki hoto. Kowane muka kama a daren, babba da ƙarami, tana nan. A wasu tana da haske sosai, a wasu sai ka karkata shi kafin ka gani. Wanda duk ya ga babban kwaɗo a bakin ruwa a ƙasar nan, da ido a saman kai, da cikakkiyar fatar iyo, da wannan tsaga, to ya gama gane shi. Masana sun fara bayyana shi a rubuce a 1858, sunansa na kimiyya a yau Hoplobatrachus occipitalis. Daga baya aka kamo namiji, ɗan Kawu ya nuna mini wasu 'yan aljihu biyu masu duhu a gefen maƙogwaro, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ne ke kumbura in yana kuka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda samarin nan ke rarrabe kwaɗi ba tare da sun tsaya tunani ba. Wani siriri mai tsinin baki ya yi wani dogon tsalle daga ciyawa, ɗayansu ya cafe shi ya nuna mini dogayen layukan da suka bi bayansa daga kai har ƙugu ba yankewa, ya ce wannan na ciyawa ne, ba nama, ya jefar. Irin na gida kuwa, wanda ɗalibaina suka sani, mun gamu da shi a kan tudu muna dawowa. Na ajiye shi kusa da na ruwan don hoto, bambancin ya fito sarai. Fatarsa busasshiya ce mai ƙuraje, ƙafafunsa gajeru, tafiyarsa 'yar tsalle-tsalle, kuma bayan kowane ido yana da wani dogon kumburi. Daga nan yake fitar da farin ruwa mai guba, wanda ke sa kare ya tofar da shi yana dalala. Ba mai saye, ba mai taɓa shi. Sun kuma ba ni labarin wani ƙato mai faɗin baki da ke binne kansa a ƙasa duk tsawon rani, yadda gaiwa ke yi, sai ruwan farko ya fito da shi, kuma yana cizo. Kwatancensu ya dace da zuriyar da masana ke kira Pyxicephalus, masu wasu tsinaye biyu a muƙamuƙin ƙasa. Lokacinsa ya wuce, ba mu gan shi ba.

Muna zaune a kan tudu muna zubar da ruwan takalma, ƙaraminsu ya tambaye ni ko a wasu ƙasashe ma akwai wannan kwaɗo, ko nasu ne kawai. Na ce masa daga Senegal a bakin teku har Habasha ana samunsa, ya gangara ta Uganda da Kenya da Tanzaniya har Zambiya da Angola. Ɗan ƙasar ciyawa da itatuwa jefi-jefi ne, irin tamu, amma yana kutsawa yankin kurmi duk inda aka sare daji aka yi gona ko hanya. Ba ya zaɓen ruwa: gaɓar kogi, tafki, gonar shinkafa, magudanar noman rani, ramin da aka haƙi ƙasar gini. Sharaɗinsa ɗaya, kada ruwan ya yi masa nisa. Da na ce musu har cikin Sahara akwai shi, a tsaunukan Azbin na Nijar, da Adrar ta Muritaniya, da kudu maso yammacin Libiya, sai suka ce wannan kam da wuya. Na bayyana musu cewa shekaru dubbai da suka wuce hamadar nan tana da koguna da tafkuna, tafkin Cadi kansa ya ninka na yanzu sau da yawa. Da ƙasa ta bushe, waɗanda suka samu idon ruwa a tsakanin duwatsu suka tsira a can, zuriyarsu na nan har yau. Kuma a duk Afirka shi kaɗai ne ɗan gidansu, sauran danginsa na kusa suna Asiya, a Indiya da Sin da maƙwabtansu.

Na saki waɗanda ke bokitina a inda aka kamo su. Na cikin buhunan samarin ba nawa ba ne, ban ce komai ba.

Da safe jikina duk ciwo, ƙafafuna sun yi fari sun yamushe. Kawu ya ce kafin in tafi akwai abin da zai nuna mini. Ya kai ni wani ɗan kwari a bayan gari, nesa da kogi, inda ruwan sama ya taru bai kai gwiwa ba. Ya ce da rani manyan kan tattaru a bakin ruwan da ba ya ƙafewa, amma da zarar damina ta sauka sai su bazu cikin dare su nemi irin wannan wuri su zuba ƙwai, don a nan ba kifin da zai cinye 'ya'yan. Na sa rariya na ɗebo. Ga 'ya'yan kwaɗi masu jela, ƙanana baƙaƙe da yawa, a cikinsu kuma wasu 'yan ƙalilan manya masu ƙarfin baki. Na zuba su a kwano ɗaya. Ban daɗe da zama ba ɗaya daga manyan ya kama ƙarami ta jela ya fara ci. 'Ya'yan yawancin kwaɗi gansakuka suke kankara, na wannan kuwa mafarauta ne tun suna ruwa, suna cin 'ya'yan wasu kwaɗin da tsutsar sauro. Dole su yi saurin girma, domin kwarin da aka haife su ciki kwanansa ƙidayayye ne. Babban ma haka yake, duk abin da ya motsa ya kuma shiga bakinsa abinci ne: fara, ƙwaro, ƙaramin kifi, har ƙaramin kwaɗo.

A hanyar komawa muka bi ta wurin shanya. An fasa cikin kwaɗin jiya an cire hanji, an jera su a tsinke, wasu a rana kan tabarmar kaba, wasu a kan wutar hayaƙi. Warin yana da ƙarfi, ƙudaje kuma ba a magana. Na tambayi ɗan Kawu ko suna raguwa. Ya ce har yanzu akwai, amma manya irin na da sai an yi nisa, kuma masu kamun sun ninka, don matasa ba su da wani aikin da ke kawo kuɗi a hannu da wuri haka. Kawu ya ƙara da cewa gonar da aka yi wa feshin maganin ciyawa, kwana biyu ba ka jin kuka a cikinta. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, har numfashi yana yi da ita, duk abin da aka zuba a ruwa jikinsa yake shiga.

A lissafin masana na duniya wannan kwaɗo ba ya cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin ƙasar da yake zaune. Amma yawansa a Uganda ba zai amfani manomin shinkafar Kirikasamma ba ranar da na fadamarsa suka ƙare, fara da sauro suka samu sarari. Indiya ta taɓa zama babbar mai sayar da cinyoyin kwaɗi ga Turai, da ta ga abin da hakan ke yi wa gonakinta ta hana fitar da su a 1987. Ni ban ga dalilin hana mutanen nan sana'arsu ba, yunwa ba ta jin wa'azi. Abin da na faɗa wa Kawu shi ne, da masu unguwanni da sarakunan ruwa za su haɗa baki a ɗaga wa kwaɗi ƙafa a makonnin farkon damina, lokacin da matan ke ɗauke da ƙwai, a kuma daina ɗibar ƙanana, da kowa ya ci riba. Ya ce ai tsarin ba baƙo ba ne, akwai tafkunan da ba a shiga su da koma sai ranar da aka buɗe. Matsalar, in ji shi, kwaɗo da dare ake kama shi, dare kuwa ba shi da mai gadi.

Na yi masa sallama, na ajiye ɗan abin goro, ya ƙi karɓa sai da abokina ya sa baki. Ya haɗo ni da ƙullin busasshen kifi. Jirgi, laka, babur, muka dawo Haɗejiya da la'asar.

Kashegari kafin in hau mota na shiga kasuwar kifi, na nemi ɓangaren masu kwaɗi. Buhuna ne jibge, wasu an ɗinke, wasu a buɗe ana zuba wa masu saye a ƙasa suna juyawa. Masu sayarwa Hausawa ne da sauran mutanen yankin, masu saye yawancinsu daga kudu, musamman ƙasar Yarabawa, ana ciniki da Hausa da guntun Turanci. Na gaida wani Alhaji mai rumfa, na ce masa ni malamin makaranta ne, ya ba ni izini in duba. Na ɗauki guda na juya shi. Ya ƙanƙance, ya yi baƙi, amma faɗin ƙafar baya da idanun saman kai suna nan, a wasu ma ana iya ganin gurbin tsagar ƙeya. Duk buhun da na leƙa kusan iri ɗaya ne, shi ɗin dai. Alhajin ya ce ba na fadamar nan kaɗai ba ne, in kaya sun yi ƙaranci har daga wajen Yobe da tafkin Cadi ake kawo masa. Haka abin yake a yamma ma, inda ake kwaso irinsa daga Malanville ta ƙasar Benin, tsallaken kogin Kwara daga Gaya, a shigo da shi kasuwannin Najeriya. Ya ce manya daban ake ware su, kuɗinsu daban, kuma masu saye kullum ƙorafinsu ɗaya, manyan sun yi kaɗan a buhu.

"Malam, in ka koma ka gaya wa yaranka," in ji shi, "wannan da suke jifa da dutse, mota guda ake cikawa da shi daga nan."

Na ce masa wanda suke jifa daban ne, na fito da waya na nuna masa hotunan biyu gefe da gefe. Ya kira maƙwabcinsa ya gani, suka sa na tura musu ta WhatsApp.

A tasha wata mata ta zo da rabin buhun kwaɗi za ta kai Sabon Gari, fasinjoji suka ce ba za a sa shi a but tare da kayansu ba. Direba ya ɗaure shi a saman mota, ya ƙara mata naira 500 kuɗin kaya. Muka tashi bayan azahar, ruwa ya tare mu a Ringim, muka iso 'Yankaba ana kiran magariba.